Amsoshin Wasiƙunku: Jarumata Ta Ƙi Yin Rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta babi goma sha ɗaya na littafina na farko. Duk wanda na ba ya karanta sai ya ce labarin ba laifi, amma jarumar kamar 'yar tsana. Alhali ban bar komai ba: kyawunta, haƙurinta, har shafi uku na cika da yadda zuciyarta ta karaya ranar da aka sake ta. Me manyan marubutan zamanin nan suke yi wanda ni ban yi ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ji haushina, amma shafukan nan uku da kike alfahari da su, su nake zargi. Na daɗe ina duba rubutun sababbin marubuta, kuma wannan ce cutar da na fi cin karo da ita. Marubuciya takan yi wa jarumarta kuka har ta ƙoshi, sai mai karatu ya iso ya tarar an gama zaman makoki, ba abin da ya rage masa.

Ga abin da Kazuo Ishiguro ya yi, marubucin nan ɗan Ingila haifaffen Nagasaki, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2017. A littafinsa The Remains of the Day, wanda ya fito a 1989 ya kuma ci kyautar Booker, mai ba da labarin shugaban barorin gidan wani basarake ne, sunansa Stevens. Wani dare a 1923 ana babban taro a gidan, mahaifinsa yana sama a kan gargarar mutuwa, shi kuma yana ƙasa yana hidimar baƙi. Bai ce mana ransa ya ɓaci ba. Maigidansa ne ya dube shi ya ce kamar kuka yake yi, shi kuma ya share fuska ya ɗora laifin a kan gajiyar aiki. Daga bakin wani muka ji labarin hawayen, mai su kuwa yana musu.

Na fara karanta wannan wurin ne a tsaye, sai da na nemi wurin zama.

Abin lura shi ne Ishiguro ya zaɓi mai ba da labarin da ba ya faɗa wa kansa gaskiya. Aikin gano ta ya koma hannun mai karatu, kuma abin da mutum ya tono da kansa ya fi zama masa a rai. Sai can daf da ƙarshe ya bar mutumin ya amsa, cikin jimla guda, cewa zuciyarsa na karyewa. Shirun da aka yi ta tarawa tun daga farko shi ya ba jimlar nauyi.

To ki koma ranar sakin nan. Ki soke duk inda kika rubuta "baƙin ciki" da "zuciyarta". Sai ki tambayi kanki: me hannayenta suke yi? Wataƙila tana ninke kayan mijin kamar kullum, ta kai rabi kafin ta tuna ba aikinta ba ne kuma. Wataƙila maƙwabciya ta shigo aron wani abu, ta tashi ta ɗauko mata har da dariya. Kuma don Allah ki ba ta aibi ko guda ɗaya. Mace mai kyau, mai haƙuri, mai ladabi, wadda ba ta taɓa yin rowa ko ƙarya ko hassada ba, ban taɓa haɗuwa da ita ba, masu karatunki ma haka.

Kada ki yar da shafukan uku, ki adana su. Ke kika buƙace su don ki san yarinyar, mu ba sai mun gani ba.

Tambaya: Malam, awa nawa ya kamata marubuci ya yi yana rubutu a rana? Ni ma'aikaci ne, sai dare nake samun kaina. Daga wani mai bibiyar shafin nan.

Amsa: Ɗan'uwa, babu mudu ɗaya. Haruki Murakami na Japan ya sha faɗin cewa idan yana kan littafi ƙarfe huɗu na asuba yake tashi, ya yi awa biyar zuwa shida, sannan ya fita gudu. Ishiguron da na ambata kuwa, lokacin da yake rubuta The Remains of the Day, kulle kansa ya yi mako huɗu, daga tara na safe zuwa goma da rabi na dare, Litinin zuwa Asabar, ba waya ba baƙi, matarsa ta ɗauke masa ayyukan gida. Amma ya riga ya yi dogon bincike kafin nan, gyara kuma ya biyo baya. Toni Morrison, marubuciyar nan 'yar Amurka, ta fi kusa da halinka: tana aikin edita, ga 'ya'ya biyu, sai ta riƙa rubutu kafin gari ya waye.

Ni dai rabin awa nake yi kafin in kwanta, kuma nakan tsaya a tsakiyar jimla da gangan, don gobe in tarar da bakin zaren. In dare ka samu, ka riƙe daren, ka ajiye wayar a wani ɗaki.