Shin guguwa da ambaliya na iya naɗa shugaban ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Haɗejiya ne, kuma ambaliyar 2022 ta cinye mana gonar shinkafa. Tun lokacin na lura duk sanda iftila'i ya auku ana dab da zaɓe, sai 'yan takara su yi ta tururuwa da kyamarori, bayan kwana biyu a turo mana a WhatsApp cewa ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna farin jinin wane ya ƙaru saboda ya je jaje. Wani abokina ma ya ce a Amurka guguwa ce ta ba Obama nasara a 2012. Abin yana damuna ƙwarai. Da gaske masifar talaka ce ke zaɓa wa ƙasa shugaba? Kuma waɗannan alƙaluman, mu da ruwa ya ci aka tambaya ko su wa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya kiyaye gaba.

Bari in sallami maganar abokinka tukuna, don ita ce mai sauƙi. Guguwar Sandy ta afka wa gaɓar jihar New Jersey ranar 29 ga Oktoba 2012, saura kwana 8 a yi zaɓe. Obama ya ajiye kamfe ya koma aikin agaji. Gwamnan jihar, Chris Christie, ɗan Republican wanda watanni biyu kafin nan ya yi wa Obama kaca-kaca a babban taron jam'iyyarsu, ya fito talabijin yana yaba masa, har suka zaga wuraren da abin ya shafa tare ranar 31 ga wata. Washegari magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya ayyana goyon bayansa ga Obama. Daga nan wasu manyan Republican irin su Haley Barbour suka ce guguwar ce ta karya lagon Mitt Romney, abokin takarar Obama, maganar kuma ta zauna har yau.

To amma wanda ya bi ƙuri'un jihohi a lokacin ya san Obama na gaba a Ohio da Iowa da Wisconsin tun kafin iska ta kaɗa. Tashin da Romney ya yi bayan muhawarar farko ta 3 ga Oktoba ya riga ya fara lafawa. Jihohin da guguwar ta fi yi wa ɓarna, New York da New Jersey, tun 1992 ba su taɓa zaɓen ɗan Republican a kujerar shugaban ƙasa ba. Obama ya ci da kusan kashi 51 a kan 47, tazarar ƙuri'a wajen miliyan 5, da wakilan jihohi masu zaɓen shugaba 332 a kan 206. Ban musanta cewa guguwar ta hana Romney shiga labarai na 'yan kwanaki ba. Sai dai ba ta kai ta haifar da irin wannan tazara ba.

Akwai inda bala'i ya taɓa zaɓe sosai. A Jamus, ambaliyar kogin Elbe a watan Agustan 2002 ta samu shugaban gwamnati Gerhard Schröder yana baya a ƙuri'un jin ra'ayi. Ya sa takalmin roba ya shiga garin Grimma, ya saki kuɗin agaji da sauri, ya tsira da kujerarsa da ƙyar a watan Satumba. Masu bincike daga baya sun ƙiyasta cewa jam'iyyarsa ta samu ƙarin kusan kashi 7 a mazaɓun da ruwa ya shafa. A 2021 kuma kyamara ta kama ɗan takarar shugaban gwamnati Armin Laschet yana dariya a Erftstadt, garin da ambaliya ta ci, lokacin da shugaban ƙasar ke jawabin jaje, bai sake farfaɗowa ba. Abin yakan faru idan takara ta yi kankankan.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a kanta zan daɗe, domin kullum da wannan gurguwar fahimtar nake fama, har a bakin 'yan jarida da masu kiran kansu masu sharhi. Mutane sun ɗauka ƙuri'ar da aka yi bayan bala'i muryar waɗanda bala'in ya shafa ce. Kusan kullum ba haka ba ne. Su ne ma mutanen da ba a samu a waya ba.

Ka duba lissafin. Ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya takan tambayi mutum dubu ɗaya ko dubu da ɗari biyar. Idan yankin da abin ya shafa kashi 3 ne cikin ɗari na al'ummar ƙasar, mutum 30 zuwa 45 ke nan za su fito daga can, in komai lafiya. Komai kuwa ba lafiya ba. Sandy ta katse wuta ga gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 8. Kamfanin Gallup, da ya fi kowa daɗewa a wannan sana'a, dakatar da ƙuri'arsa ta kullum ya yi a ranar da guguwar ta iso, saboda ya san amsar da zai samu ba za ta wakilci ƙasar ba. A makon kuma ƙuri'ar ABC da Washington Post ta nuna kusan mutum 8 cikin 10 sun yaba da yadda Obama ya tunkari lamarin. Alƙalamin gaskiya ne, amma na waɗanda ke zaune a falo a Texas da Oregon suna kallon talabijin ne, da wutarsu da wayarsu. Matar da ke Staten Island a New York tana kwashe laka daga ɗakinta ba ta ɗauki wayar kowa ba. Kamar mutum ne ya je kasuwa ranar da gada ta karye, ya tambayi waɗanda suka iso ko hanya na da kyau.

Za a ce maka ai ana daidaita alƙaluma. Ana yi, da shekaru da jinsi da ilimi da yanki. Amma daidaitawa ba ta ƙirƙiro mutumin da ba a ji daga gare shi ba. Ƙara wa amsar maƙwabcinsa nauyi kawai take yi. A taƙaice, ma'aikacin gwamnati da ke Dutse, wanda ruwa bai shiga gidansa ba, shi zai amsa a madadin manomin Auyo ko Kafin Hausa da ke kwana a ajin firamare, wayarsa ba caji. A takarda dukansu 'yan Jigawa ne, maza, masu shekara 40. Ra'ayinsu kan agajin gwamnati kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne.

Sai kuma wata matsalar da masu turo hotuna a WhatsApp ba su ma san da ita ba. Idan labari ya yi wa ɗan takara daɗi, magoya bayansa sun fi son amsa waya. Idan ya yi masa ɗaci sai su ƙi ɗauka. Wani bincike da aka yi a zaɓen 2012 ta hanyar tambayar masu amfani da na'urar wasa ta Xbox, mutanen nan dai a kai a kai, ya nuna yawancin tashin da aka ce Romney ya yi bayan muhawarar farko daga nan ya fito, waɗanda suka sauya ra'ayi da gaske kaɗan ne. Saboda haka idan ka ga an ce wane ya tashi da maki 2 bayan ya je jaje, alhali ratar kuskuren ƙuri'ar ita kanta maki 3 ce, babu abin da aka auna. Wannan ma ina maganar ƙuri'a ta gaskiya ce. Wadda wani ya buɗe a Facebook ko X ya ce a danna, mutum ɗaya da wayoyi huɗu, ba na ɓata bakina a kanta.

Turkiyya ta ba kowa darasi. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe sama da mutum dubu 50, an yi ta sukar gwamnati kan jinkirin ceto da kuma afuwar da aka yi wa gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida. Ƙuri'u da dama suka sa ɗan takarar adawa Kemal Kilicdaroglu a gaba, masu sharhi suka ce yankin girgizar zai hukunta Erdogan. Ranar 14 ga Mayu Erdogan ya zo na ɗaya a mafi yawan lardunan da abin ya shafa, a Kahramanmaras, cibiyar girgizar, ya samu sama da kashi 70, ya kuma ci zagaye na biyu da kashi 52. Masu sharhin sun yi magana da yawun mutanen da ba su tambaya ba.

A nan gida ma haka. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, daidai lokacin da aka buɗe kamfe a ƙarshen Satumba. Peter Obi ya dakatar da nasa a watan Oktoba ya zaga wuraren. Ƙuri'un da cibiyar jin ra'ayi ta NOI ta yi wa gidauniyar ANAP ta waya sun sa shi gaba, amma a ta ƙarshe waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba da waɗanda suka ƙi faɗa sun haura rabi, abin da masu yaɗa ta ba sa ambata. Da aka ƙirga a Fabrairun 2023, Tinubu ya ci Jigawa da Kogi, Atiku ya ci Bayelsa, Obi ya ci Anambra. Duka huɗun ruwa ya yi musu ɓarna, kuma kowace ta bi inda aka san za ta bi.

Me ya sa nake kiran wannan fahimta mai haɗari? Saboda masu mulki ma suna karanta alƙaluman, kuma da su suke aiki. Idan abin da ake aunawa ra'ayin ɗan kallo ne, ɗan siyasa zai yi wa ɗan kallo aiki: jirgi mai saukar ungulu, buhunan shinkafa a jere, hoto da jariri. Masu bincike Andrew Healy da Neil Malhotra sun bi bayanan Amurka na shekaru da dama, suka wallafa a 2009 cewa masu zaɓe na saka wa jam'iyya mai mulki kan kuɗin agaji bayan ɓarna, amma ba sa saka mata kan kuɗin rigakafi, alhali a ƙiyasinsu dala ɗaya ta rigakafi na hana asarar kusan dala 15. Wanda ya gina madatsa, ruwa bai zo ba, babu mai ɗaukarsa hoto.

Haɗari na biyu shi ne idan aka cusa wa mutane cewa agaji da ƙuri'a abu ɗaya ne, sai jita-jita ta samu gindin zama. Bayan guguwar Helene a ƙarshen Satumban 2024, wadda ta kashe sama da mutum 200, an yaɗa a North Carolina cewa dala 750 kaɗai hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, za ta bayar, kuma za ta ƙwace filayen mutane. Dala 750 ɗin kuɗin farko ne na abinci da magani kafin sauran. Sai da ɗan majalisar yankin, Chuck Edwards, ɗan Republican, ya fitar da sanarwa yana ƙaryata zantukan, kuma ma'aikatan agaji suka janye na ɗan lokaci a gundumar Rutherford saboda barazana. Hukumar ma ba ta fita fes ba, don ta kori wata jami'arta da ta ce a tsallake gidajen da ke da allon Trump a Florida. Trump ya ci North Carolina kamar yadda ya ci a 2016 da 2020, mutanen Asheville kuwa ba su samu ruwan famfo mai shawuwa ba sai kusan mako biyu bayan zaɓe.

Don haka in an sake turo maka irin wannan hoto, tambayi wanda ya turo: wa ya yi ƙuri'ar, wa ya biya, a waɗanne ranaku, ta waya ko gida gida, da wane harshe, kuma mutum nawa aka samu daga ƙananan hukumomin da ruwa ya ci? In ba amsa, goge shi. Kuma ka rubuta sunanka a wurin hukumar agajin jiha ko wace jam'iyya kake yi, haƙƙinka ne.

Idan 'yan takara suka dawo Haɗejiya, ku karɓi jajen, sannan ku yi musu tambayoyin da babu mai ƙuri'ar da zai yi musu. Hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwa ta NIHSA kan fitar da hasashen damina da na ambaliya tun kafin ruwan farko. Me aka yi da shi bana? Nawa aka ware wa yashe kogin Haɗejiya da cire kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa, nawa aka saki, wa aka ba kwangilar? Wa ke sanar da mutanen Ringim da Auyo da Guri kafin ruwan Tiga da Challawa ya iso musu, kuma kwana nawa ake ba su? Ku nemi amsar a rubuce, a watan Maris, lokacin da ake iya shiga da mota a yi aikin.