Tambayoyinku Kan Kwamfuta: Na Goge Fayil, Shi Ke Nan Ya Tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Mabera, nan Sakkwato. Laftop ɗin aikinmu Linux ne a kai, faifansa na ajiyar bayanai SSD ne (irin wanda ba ya juyawa), a kulle da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux. Za a sayar da shi, wani ya ce in bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya da umarnin shred. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai wadatar ba, kuma wahalar banza za ka sha. Gogewa ta yau da kullum tamkar mai shago ne ya soke sunan mai bashi a shafin farko na littafi, lissafin kuwa yana nan a ciki. Shi shred yana bin wurin da fayil ya zauna ya rubuta shirme a kai har sau 3, amma da sharaɗin sabon rubutun ya sauka daidai kan tsohon. SSD ba ya haka. Don kada wani sashe ya riga wani lalacewa, duk sabon rubutu sai ya kai shi wani gurbi dabam, kuma yana da ajiyayyen fili da Linux ɗin ma ba ya gani. Idan tsarin da ke jera fayiloli a faifan Btrfs ne ko ZFS, abin ya ƙara nisa, don su da gangan suke rubutu a sabon wuri su bar tsohon.

Tunda faifanka a kulle yake, mabuɗi za ka kashe. Kalmar sirrin da kake bugawa ba ita ta kulle bayanan ba. Ita dai tana buɗe babban mabuɗin da ke ajiye a goshin faifan, wato farkon ɓangaren da ke kulle, cikin gurabe 8 a LUKS1, ko har 32 a LUKS2. Da zarar an share gurabun nan, duk abin da ya rage tarkace ne da ba mai iya karantawa. Kwashe abin da asibiti ke buƙata tukuna, ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka ga yana aiki. Sannan ka tayar da laftop ɗin daga filashi mai ɗauke da Linux, ka buga lsblk ka gane sunan ɓangaren da ke kulle, sai cryptsetup erase da sunan. Zai nemi ka rubuta YES da manyan baƙaƙe. Cikin daƙiƙoƙi ya gama. Buga cryptsetup luksDump ka tabbatar babu gurbin da ya saura.

Wuri uku ake tuntuɓe. Kuskuren suna shi ne na farko: filashin da ka tayar da shi ma yana cikin jerin, don haka dubi girman kowanne da kyau, wannan umarni ba ya da "a dawo". Sai kwafin goshin faifai. Idan wanda ya haɗa muku kwamfutar ya taɓa ajiye shi a filashi ko imel, to wanda ya samu kwafin nan da tsohuwar kalmar sirri zai buɗe komai kamar ba a yi ba. A nemo shi a lalata. Na ukun ya fi ɓoyuwa: in an yi amfani da faifan a buɗe kafin a kulle shi, ragowar tsofaffin bayanai na iya zama a fili. Maganinsa a sa faifan ya goge kansa, da umarnin nvme format in nau'in faifan NVMe ne, ko hdparm in nau'in SATA ne. Kada ka fara sai batir ya cika kuma caja na jone, domin hdparm sai an ɗora wa faifan kalmar sirri ta wucin gadi, in wuta ta yanke a tsakiya yana iya zama a kulle.

Tambaya: Ni Windows nake da ita da BitLocker, tsarinta na kulle faifai. Ba sayarwa zan yi ba, takarda ɗaya ta rabon gado nake so ta ɓace. (Wata mai karatu, Arkilla)

Amsa: Hajiya, fayil ɗaya ya fi faifai guda wuyar gogewa, abin mamaki. BitLocker mabuɗi ɗaya yake kulle faifan duka da shi, ba za a kashe na takarda ɗaya a bar saura ba. Ki goge ta da Shift da Delete, sannan ki bi sawun kwafinta: OneDrive (ma'ajiyar Microsoft ta intanet) da kwandon shararsa, imel, babban fayil na abin da aka sauko da shi, da tsofaffin kwafin da Windows ke ajiyewa don maido da tsari. In faifanki mai juyawa ne, umarnin cipher /w:C zai bi filin da babu komai ya rubuta a kai sau 3, yana iya cin sa'o'i. A SSD bai da tabbas, can TRIM ne ke sanar da faifan gurabun da aka saki ya share su da kansa. Abin da ke kare ragowar shi ne kullen, saboda haka ki duba inda mabuɗin ceto mai lamba 48 yake. Sau da yawa yana cikin asusun Microsoft, wanda ƙila yaran gida ma sun san kalmar sirrinsa.

Tambaya: Zan ba ƙanena wayata. Mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ya isa? (Wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo)

Amsa: Ya isa, ɗan'uwa, in wayar ta fito da Android 10 ko sama, ko iPhone ce, don mayarwar tana lalata mabuɗin ne. Fara cire asusun Google ko na iCloud, in ba haka ba wayar za ta tsare ƙanen naka tana neman kalmar sirrinka. Zare memori, shi galibi a buɗe yake, hotunan da aka goge a cikinsa ana dawo da su da manhajar kyauta. Ajiyar hirarrakin WhatsApp da ke Google Drive kuwa mayarwar ba ta taɓa ta, sai ka shiga can ka goge da hannunka.