A bi ra'ayin masu karatu kafin a sayi littafin binciken kisa?

Malama, kina tambaya ko ra'ayin masu karatu abin dogaro ne. Ki bi shi, amma da lura.

Wanda ya saba da James Hadley Chase, mai harbe-harbe da guje-guje, zai ce miki labaran Agatha Christie sanyi gare su. Alhali ita wasa ƙwaƙwalwa take yi: sai can ƙarshe a tara mutane a falo, a tona asirin mai laifi. Ki fara duba irin abin da mai sharhin ya saba karantawa.

Dogon sharhi kuwa ki guje shi, wasu bakinsu bai da linzami, sai su faɗa miki wanda ya yi kisan. In nazarin makaranta ne, ki tuntuɓi malamin adabi.