Tambaya da Amsa: Me ya haɗa tsokar kifi da kusurwar ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon zanen kayan inji a kwamfuta. A manhajar AutoCAD akwai umarnin da aka rubuta fillet, wanda ke lanƙwasa kusurwa, sai kuma na ga kalmar a jikin ledar kifi da wani littafin gine-gine. Shin abu ɗaya ne? Sannan malaminmu yakan dawo mini da zane duk lokacin da na bar kusurwa da kaifinta. Don ado yake yin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar ɗaya ce, ta fito daga tsohon Faransanci inda take nufin ɗan zare ko siririn ƙyalle, shi ya sa duk inda ka same ta akwai wani abu siriri mai tsawo. Wurin masu girki, filet ita ce tsokar da aka yanko ba ƙashi ba ƙaya. Kifi irin na yau da kullum yana ba da biyu, ɗaya daga kowane gefe, mai faɗin jiki kuma yana ba da huɗu. A jikin saniya, tsoka ce mai taushi da ke kwance ta cikin ƙashin baya, wadda ba ta yin aikin wahala. Magina kuwa suna kiran siririn layin da ke raba kwarmin ginshiƙan Girkawa da wannan suna, haka ma masu ɗaure littafi game da layin da suke zanawa a bangonsa.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma malaminku yana da gaskiya. Ka lura da yadda tela ke yaga yadi: sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, daga nan ja ɗaya ya isa, alhali ba don tsagar ba da ya sha wuya. Kusurwa mai kaifi a cikin ƙarfe ita ce wannan tsaga, domin nauyin da ya kamata ya bazu cikin jikin ƙarfen yana taruwa ne a ɗan wurin nan. Tun a 1898 wani injiniya Bajamushe, Ernst Kirsch, ya nuna cewa ko huda mai da'ira a jikin farantin ƙarfe tana ninka matsin da ke bakinta sau uku, a 1913 kuma Charles Inglis na Ingila ya nuna cewa matsin yana ƙaruwa gwargwadon kaifin kusurwa. Idan aka lanƙwasa wurin, nauyin ya sami fili ya bazu.

Ba a takarda kaɗai aka koyi wannan ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ruwan Liberty na Amurka da dama sun tsage, kuma sau da yawa tsagar tana farawa ne daga kusurwar ƙofar ɗakin kaya. Ranar 10 ga Janairu 1954 jirgin sama samfurin Comet ya tarwatse kusa da tsibirin Elba na Italiya da mutum 35 a ciki, a watan Afrilu wani ya bi shi da mutum 21. Masu bincike a garin Farnborough na Ingila suka nutsar da gangar wani jirgin a tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa har ta fashe, kuma aka gano cewa ƙarfen yana gajiya ne yana tsagewa daga kusurwoyin tagogi da ƙofofi. Samfurin da aka ƙera daga baya tagoginsa masu siffar ƙwai ne.

Akwai kuma dalili na wurin ƙira, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi. Bakin injin da ke sassaƙa ƙarfe juyawa yake yi, saboda haka ba zai iya fitar da lungu mai kaifi ba. Duk wanda ya zana irinsa ya jawo ƙarin aiki da ƙarin kuɗi. A ganina, kafin ka zaɓi girman lanƙwasa, ka fara tambayar wanda zai ƙera abin wane baki yake da shi. Kada kuma ka haɗa filet da shamfa, wadda ita yanke kusurwa ake yi a karkace ba tare da lanƙwasa ba.

Za ka sake haɗuwa da kalmar wurin masu walda, inda take nufin waldar da ke cike lungu tsakanin ƙarafa biyu da suka haɗu a tsaye. Siffarta kusurwa uku ce, kuma ana lissafin ƙarfinta da kaurin tsakiyarta, wanda yake kusan kashi bakwai cikin goma na tsawon gefenta. Waldar da gefenta ya kai milimita 10, milimita 7 ne za ka sa a lissafinka.