Tambaya da Amsa: Mastas a nazarin zaman lafiya zai ba ni damar shiga sulhu da 'yan bindiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni malamin sakandare ne a wata ƙaramar hukuma a kudancin Katsina. Na yi digirin farko a ilimin zamantakewa, na fita da 2:2. Garinmu ba ma barci da ido biyu. Bara aka ɗauke ƙanin mahaifina, sai da muka sayar da gona kafin ya dawo. Ina so in yi mastas a fannin zaman lafiya da sasanta rikici don in samu bakin shiga gaba a yi sulhu. Sai ga wani ya kawo mini fom na wata ƙungiya: horon kwana 3, a biya N250,000, a ba ka satifiket da katin shaida mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya da muƙamin Ambasadan Zaman Lafiya. Ya ce da katin nan jami'an tsaro ba sa tare mutum. Abokaina kuma suna cewa mastas ɗin ba ya kawo aiki. Abin da na tara ba zai ɗauki biyun ba, kuma ina tsoron in zauna a aji shekara biyu alhali ana kashe mutanenmu. Wanne zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Fom ɗin nan ka mayar wa mai shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta sayar da muƙami. Waɗanda take kira manzannin zaman lafiya Babban Sakatare ne yake naɗa su da kansa, kuma 'yan ƙalilan ne a duk duniya, irin su Malala Yousafzai da aka naɗa a 2017. Dabarar masu wannan kasuwa ita ce su ce ƙungiyarsu tana da rajista da ECOSOC, sashen Majalisar mai kula da tattalin arziki da zamantakewa. Ko da gaskiya suka faɗa, ƙungiyoyi dubbai ne suke da wannan matsayi na ba da shawara, kuma bai mayar da ko ɗaya daga cikinsu reshen Majalisar ba, balle ya ba ta ikon naɗa jakada. Abin da kuɗinka zai saya shi ne rataye, da hoto a ɗakin taron otal, da lambar mota mai rubutun ambasada. Sojan da ke shinge a hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba zai ɗaga maka hannu don katin ba, wanda ke daji kuwa bai taɓa jin sunan ECOSOC ba.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne tunanin da ke ƙarƙashinta, wanda nake cin karo da shi kullum a bakin ɗalibai, da shugabannin ƙananan hukumomi, har da wasu malamai: wai sulhu ba ya cutarwa. In ya ɗore, alhamdulillahi. In ya rushe, an koma gidan jiya, ba a yi asarar komai ba. Saboda haka duk mai kyakkyawar niyya da takarda a hannu ya shiga kawai. Wannan tunani ya jawo asarar rayuka, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Da ka yi magana sai a ce maka ai Allah Ya ce sulhu alheri ne. Gaskiya ne, amma ayar tana cikin Suratun Nisa'i, kan saɓanin miji da mata. Wadda ta yi maganar ƙungiyoyi biyu masu yaƙi tana cikin Suratul Hujurat, kuma ba ta tsaya a kan a sasanta su ba. Ta ce in ɗaya ta yi zalunci a yaƙe ta har ta dawo kan umarnin Allah, in ta dawo a yi sulhun da adalci. Hadisi ma ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. To sulhun da ya ce manomi zai biya haraji kafin ya shiga gonar ubansa, a wane layi za ka sa shi? Tun kafin a buɗe sashen nazarin zaman lafiya a kowace jami'a, malamanmu sun san sulhu yana da sharuɗɗa.

Kai ɗan Katsina ne, ba sai an ba ka labari ba. Gwamna Aminu Masari ya yi sulhu a 2016, ya sake a 2019, har aka ga hotonsa tsaye kusa da mai rataye da bindiga. A 2020 shi da bakinsa ya ce an ci amana, ya daina. A ranar 11 ga Disamban shekarar aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci wannan aika-aika, ya fito Gusau a Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani. Kafin watan ya ƙare wasu suka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe, a jihar da ake cikin sulhu. Daudawa kansa ya koma daji a Afrilu, can aka kashe shi a faɗa da wata daba. Zuwa Satumban 2021 gwamnatin Matawalle ta Zamfara, da ta faro sulhun jihar a 2019, ta rufe layukan waya da kasuwanni. In kuma kana son misalin da ake karantarwa a ko'ina a duniya, an sa hannu kan yarjejeniyar Arusha ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Ruwanda a Agustan 1993, aka yi ta murna, a Afrilun 1994 aka fara kisan ƙare-dangi a Ruwanda, mutum kusan 800,000 cikin kwana 100. Masu tsattsauran ra'ayin da yarjejeniyar ta tsorata sun yi amfani da watannin nan ne wajen shiri.

Ga yadda abin yake lalacewa. Wanda ya zo taro ya sa hannu sau da yawa ba shi ke riƙe da duk yaran da ke kai hari ba. Dabobi ne barkatai, kowa da ubangidansa, wasu ma abokan gabar juna ne. Ka daidaita da ɗaya, na kusa da shi ya ga cewa bindiga ce ta samo wa wancan kujera kusa da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, sai ya ƙara ƙaimi don shi ma a neme shi. Wanda kuka daidaita da shi kuma bai ajiye sana'a ba, garinku kawai ya ɗaga wa ƙafa, sai ya tsallaka ƙaramar hukumar gaba, ya dawo da shanun da ya kora ya sayar a kasuwarku da aka buɗe masa. Kun samu barci, maƙwabtanku sun biya kuɗinsa, kuma ba su manta wanda ya jagoranci zaman ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A taron sulhu ake gane kowa. Dattijon da ya miƙe ya lissafa ta'asar da aka yi, matashin da ya nuna ya san hanyar daji fiye da kima, ɗan sa-kan da aka lallaɓa ya miƙa bindigarsa ta toka alhali ɗaya ɓangaren ya zo da tasa a kafaɗa ya koma da ita. Ranar da yarjejeniya ta rushe, ƙofofinsu ake fara ƙwanƙwasawa. Kamar ɗori ne: maɗorin da bai iya ba in ya ɗaure ƙafa a karkace, gara a ce bai taɓa ba, don sai an sake karyawa kafin a gyara. Jama'ar da aka ci amanarsu sau biyu, wanda ya zo na uku da gaskiya ma ba za su saurare shi ba.

Sannan ka duba abin da ba a tattaunawa. Ina maganar burtali da labi da aka nome, da mashayar da aka killace? Ina shanun makiyayi da aka sace tun farko ya kai ƙara bai samu komai ba sai tatsa? Ina Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba shari'a? Ina diyyar manomin da aka harbe a gona, da matan da aka ci wa mutunci, waɗanda ba a ko gayyatarsu zaman? Wa za a kai wa ƙara in an saɓa, kuma me zai biyo baya? Ana yin addu'a, a ɗauki hoto, a watse, duk wannan yana nan kwance.

Kada ka ji ni kamar mai cewa a daina sulhu. Mutumin da ya shekara uku bai noma gonarsa ba yana da haƙƙin neman numfashi ta kowace ƙofa, kuma wanda ke zaune a birni ba shi da bakin zaginsa. Akwai ma wanda ya ɗore. Bayan kashe-kashen Yelwa da Shendam a 2004, wanda ya sa aka ƙaƙaba wa Filato dokar ta-ɓaci, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kai ga yarjejeniya a 2005. Sai dai ka lura, tun 1995 suke aiki tare, kowannensu ya taɓa jagorantar matasan da ke faɗa, Wuye ma hannunsa ya rasa a rikicin 1992. Mutane sun zauna a gabansu ne don sun san su, sun kuma san abin da suka rasa. Wannan yarda babu jami'ar da ke bayar da ita, balle otal.

Ka kuma san matsayin doka. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, gwamnati ta wallafa a Janairun 2022, ga dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 a kai. Mutumin da ya shiga tsakani wajen sakin fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna an kama shi a Alƙahira a Satumban 2022, aka gurfanar da shi kan zargin tallafa wa ta'addanci, zargin da ya musanta. Ba ina yanke masa hukunci ba ne. Ina nuna maka cewa mai ɗaukar saƙo tsakanin daji da gari ba tare da izinin hukuma a rubuce ba, wuyansa ya sa a igiya.

To mastas ɗin fa? Ka yi shi, in ka yarda cewa zai mayar da kai mai nazari ne kafin komai. Bambancin da masanin nazarin zaman lafiya Galtung ya yi tsakanin shirun bindiga da zaman lafiya mai tushe ka riga ka sha shi a darasin GST, wato darussan gama-gari na jami'a, ba sai na maimaita ba. Abin da za ka ƙaru da shi shi ne iya zana taswirar rikici: wa ke ciki, wa ke ci da shi, wa zai yi asara in an daidaita don haka zai ɓata. Da iya tattara bayanai ba tare da ka jefa wanda ya ba ka cikin haɗari ba, da tsarin gargaɗi tun da wuri, da yadda ake karɓar makami a mayar da mutum cikin jama'a. Garinku yana da masu jarunta da masu addu'a. Wanda zai zauna da hakimi ya ce masa, ranka ya daɗe, wannan sharaɗin zai kashe mu nan da wata shida, ga dalili, shi ne babu.

Wuraren karatu suna nan. Jami'ar Ibadan ce ta daɗe a fannin. Jami'ar Jos ta kafa cibiyarta bayan rikicin Satumban 2001, akwai ta Ilorin, sannan NOUN, jami'ar karatu daga gida, tana yi ga wanda ba zai iya barin aiki ba, kamar kai. A Ghana akwai cibiyar Kofi Annan da ke Akara. 2:2 yana shiga a yawancin jami'o'inmu. Ka tambaya da kyau ko shirin na ilimi ne mai kundin bincike ko na ƙwararru, don na biyun a jami'o'i da dama ba ya kai mutum digirin digirgir, kuma ba a faɗa maka sai ka gama biya. Ka nemi sunayen malaman sashen ka ga ko akwai wanda ya taɓa rubutu kan Arewa maso Yamma. Tiransikirif kuwa, wato takardar makin darussan digirinka na farko, ka fara nemansa yau, don na ga ɗaliban da gurbinsu ya salwanta saboda fayil ya kwana wata da watanni a teburin wani magatakarda da ke jiran na goro. In an yi maka tayin mastas na wata uku daga ƙetaren iyaka, tuna ɗan jaridar da ya samo digiri a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako 6, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024.

Na waje, tallafin karatu na ƙungiyar Rotary yana kai mutane Biradfod a Ingila, inda aka buɗe sashen nazarin zaman lafiya tun 1973, da Ufsala a Suwidin, akwai kuma shirin satifiket a Makerere ta Yuganda. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, sai dai suna son shekarun aiki a fannin, aƙalla 3 ga mai neman mastas.

Abokanka ba su yi ƙarya duka ba. Tun da Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta ba ƙasashe tallafi, a 2025 ayyukan ƙungiyoyi suka ragu ƙwarai, ƙwararru da yawa suna zaune. Akwai IPCR, cibiyar gwamnatin tarayya ta zaman lafiya da sasanta rikici a Abuja, da hukumomin zaman lafiya na jihohi irin na Filato da Kaduna, amma guraben ba su da yawa. Kada ka ajiye alli. Ka yi karatun kana koyarwa, ka roƙi dagacinku ya bar ka ka riƙa rubuta bayanin zaman sasanta rikicin gona da na ɓarnar dabbobi, a nan hannu yake faɗawa. Lokacin zaɓen kan bincike kuma, kada ka kawo wa malaminka rawar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke takawa a zaman lafiyar Afirka, irinsa sun cika kabad. Ɗauki burtali ɗaya a gundumarku, ka bi tarihinsa: yaushe aka shata shi, wa ya raba shi gonaki, wa ya sa hannu. Sunayen waɗanda ka yi hira da su kada su zauna a wayarka.