Karatun Littattafan Yahudawa a Ƙasar Waje Alhali Ana Yaƙi

Tambaya: Malam, na kammala digiri na biyu a nazarin addinai, kuma na sami gurbin karatun Ibrananci da Talmud, wato babban littafin fikihun Yahudawa, a wurare biyu, Birnin Ƙudus da Heidelberg ta ƙasar Jamus. Mahaifiyata ta kasa barci saboda labarin yaƙi, abokaina kuma suna cewa na ci amanar mutanen Gaza. Wani ma ya ce ɓata lokacina zan yi, domin Yahudawa ba sa nuna wa bare Talmud na ainihi, wanda ke ɗauke da shirinsu na mallake duniya. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kwantar wa mahaifiyarka da hankali, kuma damuwarta tana kan hanya. Tun 7 ga Oktoba 2023 yankin bai zauna lafiya ba, kuma a watan Yunin 2025, lokacin yaƙin kwana 12 da Iran, an rufe sararin samaniyar Isra'ila, baƙi da yawa suka rasa hanyar fita. Inshorar tafiya galibi ba ta biyan abin da yaƙi ya jawo, saboda haka ka karanta takardar da idonka, kada ka dogara da bakin dillali. Shawarata ita ce ka tafi Heidelberg, inda makarantar nazarin Yahudanci take aiki tun 1979, domin nahawun Ibrananci da Aramiyanci, harsunan Talmud, ba ya sauyawa da sauyin gari, kuma ba a sayen digiri da hawayen uwa.

Game da abokanka, jinin da aka zubar a Gaza ya isa ya girgiza duk mai imani, amma karanta littafin wata al'umma ba mubaya'a ba ce ga gwamnatin da ke magana da sunanta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi kafin rabin wata, a lokacin da zaman Madina ba na lumana ba ne.

Maganar mutum na uku ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ci karo da ita a WhatsApp da Facebook, har daga bakin masu digiri. Babu wani Talmud na ɓoye. Wanda ya fara buga Talmud na Babila cikakke, a Venice tsakanin 1520 da 1523, Kirista ne mai suna Daniel Bomberg, kuma tsarin shafukansa ake bi har yau. Littafin yana nan kyauta a intanet a shafin Sefaria tare da fassara, an kuma fassara shi zuwa Larabci a Amman cikin mujalladi 20. Wanda ya buɗe shi zai tarar da malaman Sura da Pumbedita, a Iraƙi ta yau, suna jayayya kan lokacin karatun addu'ar dare, da diyyar da za a biya idan bijimi ya soki wani, da hukuncin mutum biyu da suka riƙe riga ɗaya kowa yana cewa shi ya tsince ta. Duk wanda ya zauna gaban malami da littafin fikihu zai gane wannan salo nan take.

Shi kuwa "shirin mallake duniya" ya fito ne daga wata takarda da ake kira Yarjejeniyar Dattawan Sahayoniya, wadda aka fara bugawa a Rasha a 1903. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta jera shafukanta kusa da na wani littafin Faransanci na Maurice Joly, na 1864, wanda ke sukar Napoleon na Uku kuma bai shafi Yahudawa ba ko kaɗan, aka ga kwafe ne aka yi. Duk da haka 'yan Nazi suka koyar da ita a makarantu, kowa kuma ya san inda abin ya ƙare. Abin takaici ne a ce masu holewa a zauren WhatsApp, waɗanda ba su san harafin Ibrananci ko ɗaya ba, su ne ke yi wa ɗalibai fatawa, suna kawo jumloli da sunayen babi waɗanda sam babu su a littafin. Mu da muke jin zafi idan an yanko aya guda daga Alƙur'ani an ɗora mata ma'anar ta'addanci, bai dace mu yi wa wasu irin wannan ba. Haƙiƙa akwai maganganu masu kaushi kan waɗanda ba Yahudawa ba a cikin Talmud, kuma malamansu irin su Menahem Meiri sun yi bayani a kansu tun ƙarni na 13. Aikinka ne ka karanta su a muhallinsu, ka soki abin suka da hujja.

Larabcinka kuma jari ne babba. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Fusɗaɗ ta Masar a 1204, da Larabci ya rubuta Dalalatul Ha'irin amma da haruffan Ibrananci, haka ma dubban takardun Genizar Alƙahira, wato tsohuwar ma'ajiyar rubuce-rubucen Yahudawa, da ke ajiye a Cambridge. Ka fara koyon haruffan 22 tun kafin bizarka ta fito, sannan ka zaɓi mai duba aikinka daga cikin masana Larabcin Yahudawa.