Motata na ƙara idan na sha kwana, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Kusan wata biyu ke nan, duk lokacin da na karya sitiyari sosai, kamar idan zan fita daga layinmu ko a shataletale, sai in ji "ƙas-ƙas-ƙas" daga gaba. A miƙaƙƙen titi kuwa shiru. Makanike ya ce shokozoba ne, na sayi guda biyu aka sa, amma ƙarar na nan. Mene ne matsalar, kuma zan iya ci gaba da hawa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na ji zafin kuɗin da ka kashe, domin shokozoba ba ya irin wannan kukan. Shi idan ya mutu, a kan gargada da ramuka ake jin sa, mota ta riƙa lilo. Abin da ka kwatanta ya fi kama da kan shaf na waje.

Corolla da tayoyin gaba take ja. Shaf shi ne sandar ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga giya ya kai wa taya, kuma a ƙarshensa na wajen taya akwai kan shaf, wato gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, waɗanda ke ba shi damar ci gaba da juyi ko da taya ta karkata. Gaɓar tana cikin wata baƙar roba mai ninki-ninki cike da giris. Ranar da robar nan ta tsage, giris ya fara fita, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga. Na sha buɗe kan shaf in tarar girisin ya koma jar laka, in murza a yatsa in ji yashi garas-garas. Wannan yashin ne ke cinye hanyoyin da ƙwallayen ke bi, shi ya sa idan ka karya sitiyari kana taka totur suke tsalle suna ƙas-ƙas.

Kafin ka sake sayen komai, gwada da kanka. Nemi fili, sauke gilas, kashe rediyo, karya sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali. Yi ta dama, yi ta hagu, sannan ka maimaita da ribas. Idan ƙarar na ƙara sauri yayin da motar ke ƙara gudu, to shi ne. Daga nan ka tsaya, ka leƙa bayan kowace taya. Ɓangaren da ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim, ko robar ta yage, can ciwon yake.

Da tun robar na sabuwar tsagewa aka gani, wankewa za a yi, a cusa sabon giris, a sa sabuwar roba, a wuce wurin. Amma tunda ya fara kuka, ƙarfen ya riga ya ciwu. Wasu za su ce maka a ƙara giris kawai. Zai yi shiru na 'yan kwanaki ya dawo. A sauya kan, ko shaf ɗin gaba ɗaya. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, a ƙirga haƙoransa a gwada da sabon, a duba ko yana da zoben ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, idan naka na da shi. Girisin ma na musamman ne, baƙi mai sinadarin moli, ba na boris ba.

Ba kowane kukan kwana ne na shaf ba. Idan mota na tsaye kana juya sitiyari ka ji "ƙum" ko gurzawa daga sama, boris ɗin da ke kan shokozoba ne. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke tsananta idan ka karkata gefe guda, boris ɗin taya ne: idan ya fi ƙarfi lokacin da ka yi hagu, yawanci na dama ne, don nauyi can yake komawa. Ƙwal-ƙwal a kan ƙananan gargada kuwa sau da yawa linkej ne, 'yar sandar da ke haɗe da ƙarfen rage lilon mota, abu mai araha.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne bol jon, gaɓar da ke riƙe tayar gaba daga ƙasa. Duk motar da ka gani a bakin titi ta durƙusa, tayar gaba ta kwanta a gefe, galibi shi ne ya fice. Don Allah tunda za a ɗaga motar, ka tsaya a duba shi a gabanka. A kama taya hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, bol jon ne ko boris. A sake kamawa dama da hagu. Wasa a nan na nuna tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. A sa ƙarfe a ɗan banƙara lowa am, ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, a ga ko bushin, wato robar da ke jikinsa, ya tsage. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, a sa mata madogari.

Batun ci gaba da hawa: cikin gari a hankali zuwa gareji, babu laifi. Amma kada ka hau hanyar Kaduna ko Kano da ita haka, don idan kan shaf ya watse, inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi, kuma ba ka san inda zai same ka ba. Bayan gyara, ka tabbatar an ɗaure babban notin tsakiyar taya yadda ya kamata an kuma kulle shi. Idan an taɓa tayarod ko bol jon, ka wuce wajen masu alaimen, wato saita tayoyi, a ranar. Kai da aka sauya maka shokozoba ma, in ba a yi maka ba tun lokacin, ka yi yanzu kafin tayoyin su cinye ta gefe guda.